Umm Rakuba: Abin da binciken ciwon daji da na suga ya kai wa Gadarif, da abin da yaƙi ya tare a hanya

Sansanin Umm Rakuba da ke jihar Gadarif a gabashin Sudan ya shiga labaran duniya ne a watan Nuwamba na 2020, lokacin da aka sake buɗe shi domin karɓar 'yan Habasha da suka gudo daga yaƙin Tigray. Wurin ba baƙon 'yan gudun hijira ba ne, domin a shekarun 1980 ma ya sauki waɗanda yunwa ta koro daga Habasha. Abin da ba a cika ambata ba shi ne garin Doka da ke kusa da sansanin, inda ake da cibiyar binciken cututtuka mai ɗauke da sunan Farfesa El-Hassan. Wannan cibiya na daga cikin wuraren da aka gwada wani sabon tsarin maganin kala-azar, cutar da ta daɗe tana kashe yara da leburorin gona a Gadarif.

Ɗaya daga cikin magunguna biyu da aka haɗa a gwajin, wato miltefosine, asalinsa maganin ciwon daji ne. Tarihinsa yana da alaƙa da wani fanni na kimiyya da ake ganin kamar na manyan jami'o'in Turai da Amurka ne kaɗai: nazarin sinadaran da ke kai saƙo a cikin ƙwayoyin halittar jiki. Duk wanda ke son sanin yadda irin wannan ilimi ke isa ga talaka, da kuma inda yake maƙalewa, to Gadarif wuri ne da ya dace a duba.

Makunnin da ke cikin kowace ƙwayar halitta

Jikin mutum tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kuma kowace ɗaya tana jiran umarni: ta ci abinci ko ta haƙura, ta rabu biyu ko ta tsaya, ta rayu ko ta mutu. Umarnin yana zuwa ta cikin jini, sai ya tsaya a fatar ƙwayar. Daga nan wasu sinadarai da masana ke kira inzayim ne ke miƙa shi hannu zuwa hannu har ya isa ciki, kamar yadda saƙon sarki ke bi ta hakimi da dagaci da mai unguwa kafin ya iso ƙofar gida.

Masanin da aka fi dangantawa da ɗaya daga cikin manyan hanyoyin nan shi ne Lewis Cantley, Ba'amurke da aka haifa a 1949. A shekarun 1980, yana Jami'ar Tufts da ke Boston, shi da abokan aikinsa suka gano wani inzayim da aka sa wa suna PI3K, suka wallafa cikakken bayanin aikinsa a 1988. Abin da PI3K ke yi shi ne liƙa wata alama a jikin wani nau'in maiƙo da ke fatar ƙwayar halitta. Alamar sai ta jawo wani inzayim mai suna Akt, shi kuma ya ba da umarnin a shigo da suga, a girma, a ƙi mutuwa.

Ba a jima ba aka gano cewa insulin, sinadarin da ke daidaita sugan jini, ta wannan hanya yake isar da saƙonsa. Idan mutum ya ci tuwo ko ya sha shayi, insulin ya ƙwanƙwasa ƙofa, PI3K ne ke tashi ya sa tsoka ta kwashe sugan daga jini. Idan hanyar ta yi sanyi, suga ya taru, shi ne ciwon suga nau'i na biyu. Idan kuma ta maƙale a kunne, ƙwayar halitta ta yi ta ci tana hayayyafa ba birki, wannan na daga cikin tushen ciwon daji. A 2004 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins suka nuna cewa ƙwayar gadon da ke samar da wani sashe na PI3K tana yawan gurɓata a cikin ƙarin hanji da na mama da wasu. Yanzu an san cewa kusan kashi 40 cikin 100 na nau'in sankarar mama da ya fi yawa suna ɗauke da wannan gurɓata. Cantley ya samu kyautar Breakthrough ta dala miliyan 3 a 2013 saboda wannan aiki.

Ke nan ciwon suga da ciwon daji, da mutane ke ɗauka cututtuka ne da ba su haɗa hanya ba, a cikin ƙwayar halitta makunni ɗaya suke rabawa.

Maganin da ke tayar da suga

Kamfanonin magani sun shafe shekaru suna neman abin da zai kashe wannan makunni. A watan Mayu na 2019 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da alpelisib na kamfanin Novartis domin matan da sankarar mamansu ta bazu kuma take da waccan gurɓata. A babban gwajin da aka yi, matan da suka sha shi tare da wani maganin sun yi matsakaicin wata 11 cutar ba ta ci gaba ba, waɗanda ba su sha ba kuma ƙasa da wata 6.

Sai dai da yake makunnin na insulin ne ma, kashe shi yana tayar da sugan jini. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda suka sha maganin a gwajin sugansu ya hau, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku hawan ya yi tsanani. Jiki kuwa idan ya ga suga ya hau sai ya ƙara zubo insulin, insulin ɗin kuma ya sake kunna hanyar da ake ƙoƙarin kashewa a cikin ƙarin. Ɗakin binciken Cantley ya bayyana wannan a 2018, ya kuma nuna cewa a jikin ɓeraye maganin ya fi aiki idan aka rage insulin ta hanyar abinci marar sitaci ko ta wani maganin suga.

Wannan sakamako ya yi ta yawo a intanet cikin siffar da ba tasa ba. Ana tura saƙonni a WhatsApp cewa daina shan suga yana warkar da ciwon daji. Binciken bai faɗi haka ba. A kan ɓeraye aka yi shi, kuma tare da magani aka haɗa abincin. Abin da aka tabbatar a kan mutane shi ne ƙiba mai yawa tana ƙara haɗarin kamuwa, kuma a 2016 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta lissafa nau'o'i 13 da ke da alaƙa da ita. Rage suga a shayi rigakafi ne mai kyau. Amma matar da ta ji ƙullutu a mamanta, asibiti take buƙata tun da wuri.

Ga mai ciwon daji a Gadarif, alpelisib yana bayan ƙofofi da dama. Sai an yanki naman ƙarin an duba a ɗakin gwaji, sai an binciki ƙwayar gadonsa, sai an riƙa auna suga a kai a kai, sannan ga kuɗin maganin da ya fi ƙarfin manomin riɗi nesa ba kusa ba.

Wanda ya faɗi a Jamus, ya tashi a Indiya

Labarin miltefosine ya bi wata hanya dabam. A shekarun 1980 masana biyu a birnin Gotingen na Jamus, Hansjörg Eibl da Clemens Unger, suka yi aiki a kansa da niyyar yaƙar ciwon daji. Siffarsa ta yi kama da maiƙon fatar ƙwayar halitta, saboda haka yana kutsawa cikin fatar ya dagula saƙonnin da ke bi ta wurin, kuma daga baya an nuna cewa yana dakushe Akt, inzayim ɗin nan da PI3K ke kira. Amma adadin da ake buƙata a haɗiya domin ƙari yana jawo amai da gudawa masu tsanani. Daga ƙarshe sai aka bar shi a matsayin maganin shafawa ga sankarar mama da ta fito a fata.

A 1987 masanin Ingila Simon Croft da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa wannan sinadari yana kashe ƙwayar cutar lishmaniya, mai haddasa kala-azar. A jikin ƙwayar cutar yana aiki ne ta hanyar lalata tsarin maiƙonta da inda take samar da ƙarfi. Bayan gwaje-gwaje a jihar Bihar, Indiya ta yi masa rajista a 2002, ya zama maganin kala-azar na farko da ake haɗiya.

Domin gane girman wannan, sai a san cutar. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne da ake kira ƙudan rairayi yake yaɗa ta da cizo, galibi da dare. A Gadarif yana zama ne a baƙar laka mai tsagewa da rani, da cikin dazukan itatuwan talha da aduwa, wato daidai inda ake noman dawa da riɗi. Alamunta zazzaɓi mai daɗewa, rama, kumburin saifa da ƙarancin jini. Sau da yawa ana ɗaukarta zazzaɓin cizon sauro ne har lokaci ya ƙure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa magani ba suna mutuwa. A 2022 gabashin Afirka ne ke da kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka ba da rahoton sun kamu a duniya, kuma kusan rabinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Hannun Hausawa a cikin binciken

Hausawan Sudan ba 'yan kallo ba ne a wannan labari. Hanyar hajji ta ƙasa ce ta kawo kakanninsu da dama, wasu kuma hijirar da ta biyo bayan kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, wadda ta kai ga kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu Shuɗi. Daga baya zuriyarsu ta bazu zuwa Gadarif da Kasala, suna noma da su a gefen koguna.

A tsakiyar shekarun 1990 masu bincike daga Cibiyar Cututtukan Yanki ta Jami'ar Khartum suka bibiyi ƙauyuka biyu a bakin kogin Rahad: Umm Salala na Masalit, da Mushra Koka na Hausawa. Sun tarar cewa ƙwayar cutar tana shiga jikin mutane a ƙauyukan biyu, amma a ƙauyen Hausawa da yawa suna ɗauke da ita ba tare da sun kwanta ciwo ba, alhali a Umm Salala masu kwanciya sun fi yawa. Daga cikin dalilan da masanan suka duba akwai bambancin abinci mai gina jiki da na halin rayuwa, da kuma gado. Farfesa Muntasir Ibrahim, masanin ƙwayoyin gado na wannan cibiya, ya shafe shekaru yana nazarin yadda gado ke shafar kamuwa da cututtuka a tsakanin waɗannan al'ummu. Darasin da ya fi shafar yau shi ne na abinci: jikin da yunwa ta raunana shi ne kala-azar ke kayarwa.

Allura 34 ta koma 14

Shekara da shekaru maganin kala-azar a Sudan allurar SSG ce ta kwana 30, mai zafi, wadda kuma ke iya taɓa zuciya. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa ta da allurar paromomycin, aka rage kwanakin zuwa 17. Amma allura biyu ce kowace rana, wato 34, kuma sai an kwantar da mutum. Ga uwar da ta baro gona da sauran yara ta zo jinya, kwana 17 ba wasa ba ne.

Miltefosine shi kaɗai bai yi ƙarfi a gabashin Afirka kamar yadda ya yi a Indiya ba. Masana sun kuma gano cewa idan aka auna wa yara shi bisa nauyi kawai, abin da ke zama a jininsu bai kai na manya ba, don haka aka sauya lissafin ya haɗa da tsawo. Wannan gyara ba zai samu ba da a ce ba a yi gwajin a kan yaran yankin ba.

Daga 2017 ƙungiyar DNDi mai neman magungunan cututtukan da aka yi watsi da su, tare da likitocin yankin, ta gudanar da babban gwaji a Sudan da Habasha da Kenya da Uganda. A Sudan an yi shi ne a jihar Gadarif, a Doka da Umm el-Kher da Tabarak Allah, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Ahmed Musa na Jami'ar Khartum. Fiye da marasa lafiya 400 ne suka shiga, yawancinsu yara. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa haɗin miltefosine na haɗiya da allurar paromomycin na kwana 14 ya warkar da kimanin kashi 91 cikin 100, daidai da tsohon tsarin. Allura ta koma 14, an cire SSG mai taɓa zuciya, kuma ƙurajen fata da kan biyo bayan warkewa, waɗanda ke da yawa a Sudan, sun ragu ƙwarai.

Maganin yana da sharaɗi mai nauyi: yana iya nakasa ɗan tayi. Ba a ba mai ciki, kuma macen da ke shekarun haihuwa dole ta ɗauki matakin hana ɗaukar ciki lokacin shan sa da watanni bayan gamawa. A ƙauyukan da irin wannan magana ke da kunya, ungozoma da malaman addini da mazaje suna da rawar takawa.

Abin da yaƙi ya katse

Watanni kaɗan bayan fitar wannan sakamako, ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Khartum, inda jami'ar da cibiyar binciken da manyan rumbunan magani suke, ita ce ta fara zama fagen fama. Babbar cibiyar gashin ciwon daji ta ƙasar, wadda aka buɗe a Khartum a 1967, ta daina aiki. Marasa lafiya suka koma cibiyar ciwon daji ta Jami'ar Jazira a Wad Madani, sai RSF ta kama birnin a Disambar 2023. Daga nan masu hali suka nufi Marawi a arewa ko Masar, marasa hali suka zauna da ciwonsu. Sojoji sun ƙwato Wad Madani a Janairun 2025, Khartum kuma a watan Maris, amma na'urar gashi da ɗakin gwaji da ƙwararrun da suka watse ba a rana ɗaya suke dawowa ba.

Gadarif ba ta faɗa hannun RSF ba, amma ta karɓi dubban ɗaruruwan mutane daga Khartum da Jazira da Sinnar. Asibitin da ƙungiyar likitoci ta MSF ke gudanarwa a Umm Rakuba yana duba 'yan gudun hijira da mutanen ƙauyukan kewaye baki ɗaya. Haɗarin a bayyane yake: mutanen birni da jikinsu bai taɓa haɗuwa da kala-azar ba sun shigo yankin da cutar ke zaune, ga ƙarancin abinci, ga kwana a waje. Tarihi ya riga ya nuna abin da irin wannan haɗuwa ke haifarwa. Tsakanin 1984 da 1994, lokacin yaƙin basasa, kala-azar ta kashe kimanin mutum 100,000 a yammacin Nilu ta Sama, a yankin da mazaunansa ba su wuce 280,000 ba.

Masu ciwon suga ma suna cikin waɗanda yaƙin ya fi cutarwa, domin wanda ke dogaro da insulin kwanaki kaɗan yake iya yi babu shi. A nan ma binciken da aka yi da la'akari da zaman sansani ya taimaka. A 2021 MSF da Jami'ar Janiba suka wallafa cewa insulin da aka buɗe yana riƙe ƙarfinsa har mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, irin wanda suka auna a sansanin Dagahaley na Kenya. Zafin Gadarif da bazara yakan wuce haka, shi ya sa dabarar ajiye kwalbar a cikin sanyin randa, wadda 'yan Sudan ke kira zir, take da amfani.

Inda ya kamata a sa ƙarfi

Idan aka jera magungunan nan biyu, bambancin ya fito fili. Alpelisib ya fito kai tsaye daga binciken PI3K, amma an tsara shi ne domin asibitin da ke da komai. Miltefosine ya biyo ta bayan gida, ya kuma amfani Gadarif saboda an samu likitocin Sudan da cibiya a Doka da iyayen da suka yarda a gwada shi a kan 'ya'yansu. Hausawa na cewa sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma inda aka yi gwajin yana da tasiri a kan wanda zai amfana.

Wannan ba ya nufin magungunan zamani na ciwon daji ba za su taɓa isa ga talaka ba. Imatinib, wanda shi ma inzayim mai kai saƙo yake toshewa a wani nau'in sankarar jini, ya fito a 2001 da tsada mai yawa. Shirin bayar da shi kyauta da kuma samar da irinsa mai araha sun kai shi ƙasashen Afirka da dama, kuma a 2015 ya shiga jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya. Sai dai kafin a ba mutum irin wannan magani dole a gano cutarsa, gano ta kuwa yana buƙatar ɗakin gwaji mai aiki.

Saboda haka abubuwan da Gadarif ke buƙata yanzu sanannu ne: kayan gwajin kala-azar na gaggawa a ƙananan asibitoci, hanyar kawo magani daga Port Sudan da ba ta yankewa da damina, gidan sauro mai ƙananan ramuka ga leburorin gona, abinci mai gina jiki ga yara, insulin da metformin da na'urar auna suga, da kuma albashin da zai riƙe ma'aikatan lafiya. Cibiyoyi irin na Doka su ma suna buƙatar kariya da kuɗi. A watan Yuni na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da tsarin kawar da kala-azar daga gabashin Afirka, kuma DNDi da Novartis sun fara gwada wani sabon maganin haɗiya mai suna LXE408 a Indiya da Habasha. Idan Sudan ta rasa wuraren gwajinta, magungunan gobe za a auna su ne a kan jikin wasu.

Ga Hausawan Maraɗi da Damagaram da Kano da Garwa da Kumasi, akwai abin ɗauka biyu. Na farko, ɗan'uwan da ya dawo daga gabashin Sudan da zazzaɓin da ya wuce mako biyu, maganin cizon sauro bai yi masa ba, cikinsa na kumbura, ya gaya wa likita inda ya fito, domin likitan da bai saba ganin kala-azar ba ba lallai ya yi tunaninta ba. Na biyu ya shafi hukumomi: jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano da Abdou Moumouni ta Yamai suna da masana da asibitocin koyarwa. Abin da aka yi a Doka ya nuna cewa ƙaramar cibiya a garin manoma za ta iya sauya yadda ake yi wa yankin ƙasashe huɗu magani, muddin an ba ta kayan aiki kuma an bar ta cikin zaman lafiya.